Gurbi Na Goma Sha Uku

Na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin labarina na makon jiya. Wata ta ce ba ni da zuciya, wata ta ce in ta gamu da ni a hanya sai ta tofa mini yawu, wani bawan Allah kuma ya ce yana saka ni a addu'a. Na gode muku duka. Amma ku adana sauran zagin, za ku buƙace shi. Yau zan gaya muku abin da na yi wa Lamont, kuma ba zan shafa wa kaina hoda ba.

Ga sababbin zuwa: sunana Shawnda Pettway, shekaruna ashirin da uku. Babana, Vernon Pettway, shi ne kocin ƙwallon kwando na maza a Jami'ar Tillery, nan North Carolina. Bara da na gama karatu ya ɗauke ni aiki a ofishinsa, ɓangaren farautar 'yan wasa. Ni ce mai kallon bidiyo har idona ya yi ja, ni ce mai kiran iyaye, ni ce na san wane ɗan wasa ke tsoron jirgi, wanne ne kuma sai abin da kakarsa ta ce. Lamont Gaskin kuwa shi ne mai rabon ƙwallo a ƙungiyar, kuma saurayina ne tun ina aji uku a jami'ar. Duk makarantar an sani, ba dai mai faɗa a gaban Baba.

A kakar wasa ta bana mun ci wasa goma sha ɗaya, an lallasa mu sau ashirin. Daraktan wasanni ya kira Baba ya ba shi kofi, ya yabi halinsa, ya tambayi lafiyar Mama, sannan ya ce masa shekara ɗaya ta rage a ga canji. Tun daga ranar gidanmu ya koma kamar gidan makoki, ko cokali ya faɗi sai kowa ya zabura.

A bangon ofishin Baba akwai farin allo mai layi goma sha uku. Gurbin karatu kyauta ke nan da doka ta ba mu, ba ƙari ko ɗaya. Kowane ɗan wasa sunansa na kan ɗan maganaɗisu, a manna shi, a ciro shi. Duk shekara ake sabunta gurbin, kuma duk shekara sai an manta da gaya wa iyaye hakan a lokacin da ake cin abinci a falonsu.

Ranar Litinin ta biyu a watan Afrilu na shiga ofishin da safe, sanye da koriyar rigar ƙungiya da baƙin wando, gashina a ɗaure tamau ta baya, fayil a hammata. A ciki akwai sunan da na kwashe mako uku ina bi a kasuwar sauya sheƙa, wato jerin ɗaliban da suka sanar za su bar makarantunsu. Quincy Baines, ɗan shekara ashirin, daga wata ƙaramar jami'a a Ohio. Mai rabon ƙwallo ne, sauri kamar an kunna masa wuta a ƙafa, ga shekara biyu cur ta wasa a gabansa.

Baba ya kalli bidiyonsa sau biyu. Sannan ya cire tabarau ya juya ga allo.

"Layi nawa kika gani a nan?"

"Sha uku, Koci." A ofis ba na ce masa Baba.

"Nawa ne babu kowa?"

"Babu."

"To a kaina zan ɗora shi?"

Na buɗe fayil. Na zaro takarda ta biyu na ajiye masa. A nan ne nake so ku buɗe ido, masu cewa tilasta ni aka yi. Ba wanda ya ce in rubuta wannan takarda. Ni na zauna na yanko wurare arba'in da ɗaya a wasannin bana inda aka wuce Lamont ta gefen hagunsa kamar yana tsaye a layin biyan kuɗi. Ba kowa ya lura ba, don yaron ya iya ɓoyewa. Ni na sani ne saboda wata rana a watan Janairu, muna zaune cikin motata yana riƙe da ƙanƙara a gwiwa, ya ce da ni, "Shawn, tun da aka yi mini aikin nan ƙafar ba ta yarda in karkata hagu. Kada ki gaya wa kowa, zan gyara kafin badi." Na shafa kansa na ce ya kwantar da hankalinsa. Washegari na fara tara bidiyon.

Baba ya karanta har ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni ta saman takardar, irin kallon da yake yi wa sabon ɗan wasan da ya ba shi mamaki.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Kin san wanda ake magana a kai dai ko?"

"Na san lambar rigarsa, Koci."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya tashi, ya ciro maganaɗisun da aka rubuta GASKIN, ya manna shi a jikin ƙaramin firjin da yake ajiye ruwa, kusa da takardar gidan pizza. Wallahi abin ya yi mini zafi. Amma tare da wannan na ji daɗi. Shekara ashirin da uku ina jiran mutumin nan ya dube ni haka, ni da na zo mace a gidan da aka so namiji mai tsawo.

"Ba wanda zai ji wannan maganar sai yaron Ohio ya sa hannu," ya ce. "In Gaskin ya ji, zai fasa mana ƙwai a ɗakin sauya kaya, kuma ba ɗan wasan da zai zo inda ake kuka. Ki shirya ziyara Juma'a. Wa zai karɓi baƙo?"

Kun san yadda ake yi. Wanda ake zawarci yakan zo ya yi kwana biyu, a haɗa shi da ɗaya daga cikin 'yan wasanmu, su ci tare, su yi yawo tare, ya nuna masa gari. Duk surutun koci banza ne. Abin da ɗan'uwansa ɗan wasa ya raɗa masa a mota shi ke yanke hukunci. A shekara uku Lamont ya karɓi baƙi tara, bakwai sun sa hannu. Yana da wani irin baki, da wata dariya da ke sa mutum ya ji kamar tare suka taso.

Baba ya fara lissafo wasu sunaye, ina ganin yana ƙoƙarin rage mini nauyi ne. Na katse shi.

"Lamont zai karɓe shi."

Ya juyo ya dube ni. "Shawnda."

"Kana son yaron ya sa hannu ko ba ka so?"

Ya daɗe yana kallona. Daga baya ya ce in rufo masa ƙofa.

Da yamma na tarar da Mama a kicin tana yanka albasa, da rigar girkinta mai hoton lemo, rediyo na waƙoƙin majami'a ƙasa-ƙasa. Baba ya riga ya gaya mata, na gane daga yadda ta ƙi kallona.

"Kin ci abinci?"

"Ba na jin yunwa."

"Za ki ji." Ta kwashe albasar ta zuba a kasko. "Gida shida na kwashe kaya a aurena da ubanki, Shawnda. Shida. A Kansas ina da cikinki wata takwas aka kore shi ta waya. Wannan ne gida na farko da na dasa bishiya na ga ta yi 'ya'ya. Ba zan sake naɗe labule saboda gwiwar ɗan wani ba."

"Mama, shekara ɗaya ta rage masa ya gama digiri."

"Sai ya gama a wani wurin. Makarantu sun ƙare ne?"

"Wa zai ɗauki mai ciwon gwiwa a shekarar ƙarshe? In ya koma wata makarantar ma rabin darussansa ba za a karɓa ba."

"To da kika san haka, wa ya aike ki rubuta takardar?" Ta juyo da wuƙa a hannu, ta dube ni sama da ƙasa. "Kada ki zo mini nan da idon tausayi, 'yar nan. Ni na haife ki. Kin zaɓa tun kafin ki shigo kicin ɗin nan, so kike in ce miki kin yi daidai. To kin yi daidai. Ɗan wasa ba miji ba ne, duk Agusta ake kawo sababbi. Miƙo mini gishiri."

Na miƙa mata gishiri.

Ina hawa sama saƙon Lamont ya shigo.

"Koci ya ce ni zan karɓi ɗan Ohio. Ke kika ba da sunana ko?"

"Wa ya fi ka?" na rubuta, har da hoton zuciya.

"Na kalli wasansa. Yaron wuta ne! In muka haɗu ni da shi a fili, sai dai a kira wa abokan karawa motar asibiti."

Bayan minti ɗaya wani ya biyo. "Amma tsaya. Mu sha uku ne cif. Gurbin wa za a ba shi?"

Na zauna a bakin gado ina kallon rubutun. Ba zan ce muku na yi kuka ba, ban yi ba. Tunani nake wace ƙarya ce za ta kai ranar sa hannu ba ta ruɓe ba.

"Tsakaninmu," na rubuta, "dogon nan ɗan Latvia zai koma gida, ya samu ƙungiya. Kada ka gaya wa kowa."

"Kai! Allah sarki, zan yi kewarsa. Bakina ƙanin ƙafata. Ina son ki, shugaba."

Shugaba yake ce mini in yana tsokanata. Na mayar masa da nawa, na kife wayar.

Ranar Juma'a ni na ɗauko Quincy daga filin jirgi. Siriri ne, da kitso a kai, da jaka ɗaya da belun kunne a wuya, yana ta "ranki ya daɗe" kamar ya ga shugabar makaranta. Lamont na jiran mu a ƙofar zauren wasa, ya sa sabuwar farar riga da ƙaramar sarƙar da na saya masa, an yi masa aski har da layi. Kafin in kashe mota ya buɗe ƙofar ya jawo yaron ya rungume.

"Ɗan Ohio! Ashe haka kake, ba ka kai sandar mofa ba? Ba sa ba ku abinci a can ne?"

"Babban yaya, a bidiyo ka fi haka tsawo," Quincy ya mayar.

"Iye! Shawn, kin ji? Bai sauke jaka ba ya fara rashin kunya. Namu ne wannan."

Na bi su a baya da takardar jadawali, ina murmushin aiki. Na ga Lamont ya kai shi ɗakin sauya kaya, ya nuna masa akwatin da ke kusa da nasa ya ce nan za a sa shi, don ya riƙa sa masa ido. Ya gaya masa wane malami ne ba ya son a makara, wace mai abinci ce ke ƙara nama in ka tambayi jikokinta. Suka shiga fili, ba a sa shi ba, ya ɗauki ƙwallo ya fara koya masa alamomin hannun Baba ɗaya bayan ɗaya. In Koci ya taɓa kunne, ga abin da yake nufi. In ya ja wuyan riga, kaza. Abin da ya kwashe shekara uku yana haddacewa ya juye wa yaron a awa guda, yana dariya, gumi na zuba.

Quincy ya tsaya yana haki ya ce, "Yaya, gaskiya fa, ni tsorona ɗaya. Wuri ɗaya muke bugawa. Ba na so in zo in zauna a benci, kuma ba na so a ce na zo ture wani."

"Ture wa?" Lamont ya dafa kafaɗarsa. "Tare za mu buga. Ni in kawo, kai ka ƙarasa. Shekara ɗaya in koya maka gidan, in tafi in bar maka makulli. Tambayi shugaba, ita ke riƙe da allon. Shawn, ƙarya nake?"

Su biyun suka juyo gare ni.

"Haka tsarin yake," na ce.

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya tsorata ni fiye da ƙaryar kanta.

Lamont ya kai shi cin gasasshen haƙarƙari a bayan gari, ya kai shi wurin mai askinsa, ya turo mini hotonsu baki duk miya. Ranar Asabar da hantsi, a wurin karin kumallo a otal, Quincy ya ajiye cokali ya ce wa Baba ya yanke shawara, zai zo. Ya ce makarantu uku ya zaga, ko'ina gine-gine aka nuna masa, a nan ne kawai aka nuna masa ɗan'uwa. Baba ya tashi ya rungume shi. Ta bayan kafaɗar yaron ya kashe mini ido. Sa hannu sai Laraba, in ofishin rajista ya gama duba takardunsa.

Lamont ya rubuto: "Takwas cikin goma. A ƙara mini girma."

Ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a Mama takan yi girki, kuma Lamont ya saba zuwa. Na so in hana shi, na rasa dalilin da zan bayar. Ya zo da furanni rawaya na Mama, ya sa riga mai maɓalli ya soke ta cikin wando, abin da bai taɓa yi ba. Mama ba ta ko cire hular majami'arta mai faɗi ba, ta tarbe shi da hannu biyu.

"Ɗana! Zo ka zauna, ka rame. Ga kaza, ga makaroni da cuku, ga burodin masara yanzu na sauke. Yaya gwiwar?"

"Tana samun sauƙi, Mama Lorraine."

"Madalla. Ka kula da ita, ita ce jarinka." Ta ƙara masa cinya. Ni dai ina ta juya ganye a faranti.

Baba ya yi addu'ar abinci, ya gode wa Allah da ya ba mu iyali, na jini da na fili. Lamont ya ce amin da ƙarfi.

Da aka gama ya goge baki, ya gyara zama, ya ce, "Koci, in ba damuwa, ina son magana da kai a waje." Suka fita baranda. Tagar kicin a buɗe take, ni da Mama muna wanke-wanke, kowace kalma tana shigowa.

"Koci, ka san ban tashi da uba ba. Abin da na sani na zama namiji a wurinka na koya." Ya yi gyaran murya. "Badi war haka na gama digiri. Makarantar sakandaren garinmu sun ce za su ba ni koyarwa da horar da yara in na kawo takardar. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma aiki ne. Ina son Shawnda. Ina neman izininka in tambaye ta."

Farantin da ke hannuna ya zame cikin ruwa. Mama ta kama mini tsintsiyar hannu da jiƙaƙƙen hannunta ta matse har na ji zafi.

"Ko tari kika yi sai na ci mutuncinki," ta raɗa.

A waje Baba ya gyara zama. Na ji ƙarar ƙanƙara a kofin shayinsa. Na ce a raina yanzu zai gaya masa, ko mutum dutse ne ai ya gaya masa.

"Wannan babbar magana ce, ɗana," Baba ya ce a hankali. "Ba ta baranda ba ce. Ka zo ofis ranar Alhamis, ƙarfe tara. Mu zauna kamar maza."

"Na gode, Koci! Wallahi na gode!"

Alhamis ƙarfe tara. Ni da hannuna na rubuta wannan lokacin a kalandar Baba tun ranar Litinin, da sunan Gaskin a gefe. Baba bai ma wahalar da kansa ya nemi wata rana ba.

Zan iya bin sa mota in gaya masa. Ƙofar baya tana nan, taku goma ne. Na san kuma abin da zai biyo baya: zai kira Quincy, Quincy ya fasa, Baba ya rasa aiki, ni in koma 'yar koci da ta sa soyayya ta rusa ƙungiya. Na auna su duka ina tsaye da soso a hannu. Na ɗaga masa hannu ta taga, ya aiko mini da sumba a iska, ya ja motarsa yana fito.

Kwana uku yana turo mini saƙonni masu ɗauke da sirrin da yake zaton ban sani ba. "Wane launi kika fi so, fari ko ruwan zinariya? Tambaya ce kawai." "Ranar Alhamis kada ki sa wannan koriyar rigar, ki yi ado." Ina amsawa da dariya. Ranar Laraba ƙarfe biyu da kwata takardar Quincy ta shigo da sa hannunsa. Na buga ta, na rubuta BAINES a sabon maganaɗisu, na manna a layin da ya zama fili. Rubutuna ya fita da kyau.

Alhamis na sa koriyar rigar.

Tara saura minti biyar Baba ya ɗauki makullin motarsa.

"Ina za ka, Koci?"

"Darakta na nemana." Ya tura mini fayil a kan tebur. "Daga yau ke ce shugabar ɗaukar 'yan wasa, an amince jiya. Wannan aikinki ne na farko. Ki gaya masa ba za a sabunta ba, ki ba shi takardar shiga kasuwar sauya sheƙa, ki ce za mu yi masa waya wurare. Kada ki ce masa ya yi haƙuri fiye da sau ɗaya, lauyoyi ba sa so."

"Baba, kai ya zo gani. Ka san abin da ya zo nema."

"Na sani. Amsar ɗaya ce, ki haɗa masa duka." Ya tsaya a ƙofa ya gyara hularsa. "Kujerar nan kike so, ko ba haka ba? To zauna."

Na zauna. Kujerar fata ce, da ɗumin jikinsa a kai.

Ƙarfe tara daidai aka ƙwanƙwasa. Lamont ya shigo cikin kwat shuɗiya mai duhu wadda hannunta ya ɗan gaza masa, da jan laktaye, takalmi na ƙyalli. Aljihun ƙirjinsa ya ɗan kumburo. Da ya gan ni a bayan teburin sai ya fashe da dariya.

"Shugaba! An yi juyin mulki ne? Ina Koci? Ba ke na zo gani ba tukuna, ki ba mu wuri."

"Zauna, Lamont."

Bai zauna ba. Idonsa ya riga ya kai kan allo, don kowane ɗan wasa da ya shigo ɗakin nan can yake fara kallo. Na ga leɓensa na motsi yana bin layukan. Ɗan Latvia na nan a layinsa. Ya sauko har ƙasa, ya koma sama, ya sake saukowa. Sannan ya juya a hankali, ya ga sunansa a jikin firji.

Na karanta masa abin da aka rubuta. Na ce ƙungiya ta ɗauki wata alkibla. Na ce muna godiya da gudummawarsa. Na ce ya yi haƙuri, sau ɗaya. Na tura masa takardar da biro.

"Tun yaushe?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Litinin ɗin waccan."

"Kafin yaron ya zo."

"E."

"Koci ne ya ce in karɓe shi?"

"Ni na ce."

Ya gyaɗa kai kamar ana gaya masa hanyar wani gari. Ya jawo fayil ɗin, ban hana shi ba. Ya buɗe, ya ga takardata, ya ga jerin arba'in da ɗayan nan, kowanne da minti da daƙiƙa, da kalmar hagu an ja mata layi. A ƙasa sunana ne.

"A mota na gaya miki wannan," ya ce. "Ina riƙe da ƙanƙara."

"Da ban gani ba, wani zai gani."

"Amma ke kika gani."

Na so ya yi ihu. Na so ya ɗaga kujera ya fasa allon, in samu abin da zan riƙe in ce ga halinsa. Bai yi ba. Ya ɗauki biron ya sa hannu a inda na yi alama, a natse, ya mayar da murfin, ya ajiye shi daidai a gefen takardar. Hawaye na gangarowa kan laktayen bai share ba. A lokacin na san ina son sa, so na gaske, kuma na san ko an mayar da ni Litinin ɗin abin da zan yi ke nan. Ku zage ni a kan wannan, shi ya fi cancanta.

Ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Mahaifiyata na waje," ya ce. "Tun tsakar dare ta taso daga Georgia, awa shida tana tuƙi, ta ɗauki hutu a wurin aiki. Na ce mata yau Koci zai ba ni amsa, in ya yarda a gabanta zan durƙusa miki. Tana cikin farar mota, kusa da tuta." Ya ja numfashi. "Ni ba zan iya ba. Ke kika iya gaya wa mutane abu. Je ki gaya mata."

Ya bi ta ƙofar baya, wajen fili.

Na sauka. Matakala ashirin da biyu ne daga ofis zuwa ƙasa, ban taɓa jin tsawonsu ba sai ranar. Rana ta fito sosai, ana yanka ciyawa a gaban zaure. Na hango farar motar. Matar da ke ciki ta sa riga ruwan hoda ta zuwa biki, da 'yan kunne masu lilo, tana gyara jan-baki a madubi. A kujerar baya akwai balan-balan guda uku da kwalin kek.

Ta hango ni. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, ta sauke gilashi tun ban ƙaraso ba, ta miƙo hannu biyu ta taga ta kama nawa.

"Ga ta nan, 'yata! Kin fi hoto kyau. To, kada ki ja mini rai, zuciyata ba ta da ƙarfi. Me babanki ya ce?"